Benen katako a garin laima: abin da gwajin CLT ya tabbatar da abin da ya rage wa Legas

Shekaru da dama, wanda ya hau babbar gada ta uku daga Oworonshoki ya nufi tsibirin Legas yakan hango gungumen itace jere a kan ruwa daura da Ebute Meta, hayaƙin dusar katako na tashi daga injinan yanka na Oko Baba. Katakon da ya riƙa fitowa daga can kowa ya san inda yake ƙarewa: rufin kwano, ƙofa, benci, da falankan da ake tokare kankare da su har ya bushe a ɓalle su a yar. A tunanin maginin Legas, katako ɗan rakiyar siminti ne. Shi ya sa ranar da na nuna wa Alhaji, wani dattijo ɗan kwangila da muke sallah tare a Agege, hoton benen ɗalibai mai hawa 18 da aka kammala a birnin Vancouver na Kanada a 2017, wanda yawancin ginshiƙansa da dakinsa, wato daɓen da ke raba hawa da hawa, katako ne, bai tambayi ko katakon zai ɗauki nauyin ba. Tambayoyinsa uku ne a jere, wuta da gara da ruwa. Na farkon yana da amsa a ɗakunan gwaji, sauran biyun kuwa amsarsu ba ta cika ba tukuna ga mai gini a bakin teku irin namu.

Abin da ake magana a kai shi ne katakon da injiniyoyi ke taƙaita sunansa da CLT, wanda a nan zan kira shi katakon giciye. An fara sarrafa shi a Ostiriya da Jamus a farkon shekarun 1990, kuma binciken digirin da Gerhard Schickhofer ya kammala a jami'ar fasaha ta Graz a 1994 na cikin abin da ya aza masa harsashin lissafi. Ana busar da falankai a na'ura har danshinsu ya sauko kusan kashi 12 cikin 100, a tantance ƙarfinsu, a jera su shimfiɗa guda, a shafa gam, sannan a jera wata shimfiɗar a gicciye a kanta, haka har uku ko biyar ko bakwai, a danne da injin matsa. Abin da ke fitowa fale ne guda mai faɗin kusan mita 3, tsayinsa kan kai mita 16, wanda kwamfuta ke yanke masa gurbin ƙofa da taga tun a masana'anta. Yawan shimfiɗun mara ne da gangan, domin ta sama da ta ƙasa su fuskanci gefe ɗaya, falen ya daidaita kada ya karkace.

Dalilin gicciyewar mai faskare ya fi kowa saninsa. Gatari yana tsaga icce cikin sauƙi idan ya bi zarensa, idan kuwa aka sare shi a gicciye sai an yi gumi. Itace yana da ƙarfi ƙwarai a tsawon zarensa, yana da rauni a faɗinsa, kuma a faɗin ne yake kumbura da motsewa, ta tsawon kuwa da ƙyar yake motsi. Ƙofar da ke ƙin rufuwa a watan Yuni har sai kafinta ya rage gefenta, sannan ta bar kafa da hunturu, a faɗi take motsi. Idan aka manna shimfiɗa a gicciye, tsawon wannan yana riƙe faɗin waccan, tsagar da ta taso a ɗaya tana cin karo da zaren ɗayar ta tsaya. Filawud ma a kan wannan dabarar yake, sai dai shi ɓawo ne siriri, wannan kuwa falankai ne masu kaurin santimita 2 zuwa 4. Nauyin falen bai wuce kusan kilo 500 a kowace kubik mita ba, kankare kuwa yana kusan kilo 2,400. Ga mai gini a Lekki ko Ajah, inda ƙasa yashi ce da aka cike fadama da shi, kuma kuɗi mai yawa ke shigewa ƙarƙashin ƙasa wajen kafa turakun fandisho kafin a ga bulo ɗaya a sama, wannan bambancin nauyi shi ne babbar hujjar katakon.

Gwajin farko da ake yi wa fale na lanƙwasa ne. A ɗora shi a kan madogara biyu, a danna shi a wurare biyu a tsakiya da injin da ke ƙara nauyi sannu a hankali, ana auna yadda yake lotsawa har ya karye. Dogon fale yakan karye ne a shimfiɗar ƙasa, inda ake jan zare, kuma sau da yawa karayar daga gaɓar reshe take farawa ko daga inda aka haɗa falanki biyu baki da baki. Ba a ɗaukar matsakaicin sakamako a yi lissafin gini da shi. Ana karya samfura da yawa, a ɗauki ƙimar da kashi 95 cikin 100 nasu suka zarce, sannan a ƙara rage ta saboda tsawon lokacin da nauyin zai zauna da kuma danshin wurin. Wannan ragi na biyu yana da muhimmanci, domin katako yana ci gaba da lotsawa a hankali a ƙarƙashin nauyin da ya daɗe a kansa, kamar yadda azarar tsohon soro ke yin ciki bayan shekaru ba tare da ta karye ba, kuma danshi yana ƙara wannan lotsawar.

Gajeren fale mai kauri kuwa ta wata hanya dabam yake gazawa, kuma a nan ne gicciyewar ke karɓar ladanta. Ɗauki tsinken tsintsiya kaɗan ka shimfiɗa su a tafin hannunka, ka ɗora ɗaya tafin, ka murza a gicciye: tsinkayen za su mirgina a kan juna. Haka zaren shimfiɗar tsakiya ke yi idan ta sama tana son zamewa gaba, ta ƙasa tana son zamewa baya. Ƙarfin katakon Turai wajen jure wannan mirginawa bai wuce kusan niyuton ɗaya a kowace murabba'in milimita ba, taurinsa kuma kusan kashi ɗaya ne cikin goma na taurin da yake da shi idan an murza shi ta tsawon zare. A ɗakin gwaji ana ganin tsagar ta taso a karkace a cikin shimfiɗar giciye, ta bi zoben shekarun itacen, ta isa layin gam ta bi shi. Injiniyan da ya lissafa fale kamar dunƙulallen katako guda ya manta da wannan, lissafinsa zai ba shi ƙarfin da babu shi, musamman a kan ginshiƙi inda nauyi ke taruwa wuri ɗaya. Duk da haka, a yawancin dakin gidajen zama abin da ke yanke kaurin fale shi ne lotsawa da rawar da yake yi in ana tafiya a kansa. Dakin mara nauyi yana amsa taku, shi ya sa ƙa'idar Turai ke neman kaɗawar dakin gidan zama ta wuce sau 8 a daƙiƙa, ko kuma a yi masa bincike na musamman. Sauti ma haka, wanda ke ƙasa zai ji turmin wanda ke sama in ba a shimfiɗa wani abu mai nauyi a kai ba.

Gam ne ke mayar da tarin falankai fale guda, don haka gwajinsa ya fi kowane tsanani. Ana yanko ɗan dunƙule daga falen, a sa shi cikin tukunyar ƙarfe da ruwa, a zuƙe iska, a tura ruwan da matsi har ya ratsa ko'ina, sannan a busar da shi da iska mai zafi cikin gaggawa. Shimfiɗun suna kumbura su motse kowace ta nata gefen, layin gam ya sha ja daga ɓangare biyu. Bayan haka a auna tsawon inda ya buɗe. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 16351 ba ta yarda jimillar buɗewar ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, in ta wuce sai a tsaga layin a duba fuskarsa. Idan zaren katako ne ya yage ya manne a ɓangaren biyu, gam ya fi itacen ƙarfi, abin da ake so ke nan. Idan fuskar ta fito sumul, gam ɗin ne ya saki. A Arewacin Amurka ƙa'idar PRG 320 ce ke wannan aiki. Ba don ado ake yi ba: a watan Maris na 2018, wani yanki na falen daki ya rabu ya faɗo a ginin Peavy Hall da ake yi a jami'ar jihar Oregon, bincike ya nuna matsalar daga mannawa ce a masana'anta, aka kuma sauya faloli da dama. Ido ba ya ganin mummunan layin gam daga waje, falen da ya lalace da mai kyau kamarsu ɗaya ranar da aka sauke su daga tirela.

Kan wuta, tambayar Alhaji ta farko, amsar ta fi yadda ake zato daɗi. Ƙiraren kara yana ƙonewa nan take, gungume kuwa yakan kwana yana ci, da safe a tsaga shi a tarar da cikinsa fari. Gawayin da ke samuwa a fuska yana kare abin da ke ciki, kuma saurin cinsa sananne ne: kusan milimita 0.65 a minti ga katako mai taushi, wato kusan santimita 4 a awa guda. Mai zane yana cire wannan kaurin, ya ƙara cire milimita 7 da zafi ya raunana, ya tabbatar abin da ya rage zai ɗauki ginin. Ana tabbatar da lissafin a tanderun gwaji, inda ake ɗora wa fale nauyi a hura masa wuta bisa ma'aunin zafi na ƙa'ida har awa ɗaya ko biyu. Sai dai katakon giciye yana da tasa matsalar da gungume ba shi da ita. Idan wuta ta cinye shimfiɗa ta isa layin gam, wasu irin gam suna narkewa, gawayin ya ɓalle ya faɗo, sabon katako ya bayyana, wutar da ta fara lafawa ta sake tashi, saurin cin ya ninka na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa bugun PRG 320 na 2018 ya wajabta gwada gam a ɗaki mai cin wuta, kuma bayan irin waɗannan gwaje-gwaje ne kundin dokar gini da yawancin jihohin Amurka ke bi ya amince a bugunsa na 2021 da benen katako har hawa 18, da sharaɗin a rufe katakon mafi tsayin da allon jifsam. A ganina akwai abin da lissafin nan ya ɗauka tamkar tabbas: famfon kashe wuta na silin mai ruwa a ciki, da motar kashe gobara da za ta iso cikin lokaci. Wanda ya taɓa zama awa biyu a cunkoson Oshodi zai so a ƙara kaurin falen.

Gwajin da ya fi shahara shi ne na girgizar ƙasa. A 2007 masu bincike na Italiya suka kai gini mai hawa 7 na katakon giciye babban teburin girgiza da ke Miki a Japan, suka kaɗa shi da kwatankwacin girgizar Kobe ta 1995, ya tsaya da ƙafarsa. A 2023 an yi wa mai hawa 10 irin wannan a San Diego. Legas ba garin girgiza ba ne, saboda haka ba sai an daɗe a nan ba, amma darasi guda ya shafe mu. Falolin ba su ne suka ji jiki ba, ƙarafan da ke ɗaure bango da daki da ƙusoshinsu ne suka lanƙwashe suka shanye ƙarfin. Fale yana da tauri amma karayarsa farat ɗaya ce, sassaucin ginin duk yana mahaɗa. Gini mara nauyi kuma iska tana neman ɗaga shi, to waɗannan ƙarafan ne ke riƙe shi a ƙasa ranar hadarin farkon damina. A gari mai iskar gishiri, inda ƙyauren ƙarfe a Victoria Island ke tsatsa cikin 'yan shekaru, irin ƙarfen da rufin da aka yi masa tambaya ce ta ƙarfin gini.

Yanzu ga inda takardar shaidar da ta zo daga Turai ta daina magana. An amince da katakon giciye ne don wuraren da ke da rufi, inda laimar iska ba ta wuce kashi 85 cikin 100 sai na 'yan makonni a shekara. Katako yana shan danshi daga iska har ya daidaita da ita: a laimar kashi 65 yakan tsaya kusan kashi 12, a laimar kashi 80 ya kai kusan 16, a 90 ya taɓa 20. Daga kusan kashi 20 ne ake fara tsoron fumfuna da ruɓewa. A Legas laimar kashi 80 abin yau da kullum ce a yawancin watanni, ruwan shekara kuma yana haura milimita 1,500. Wato falen da ya baro Ostiriya a kashi 12 zai zo ya zauna kusa da bakin iyakar da aka yi masa, babu rarar da za ta shanye kuskure. Ƙara da zaman kwantena a tashar Apapa, da yadda ake barin gini a buɗe wata shida saboda kuɗi sun yanke, abin da kankare ke jurewa ba tare da ƙorafi ba. Bakin fale, inda zaren ya yanke, yana zuƙar ruwa kamar rake, ruwan da ya shiga tsakanin shimfiɗu kuma ba ya fita da wuri. Bututun banɗaki ɗaya mai ɗiga a ɓoye ya isa.

Akwai kuma na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke sa raɓa ta kwanta duk inda iska mai ɗumi ta taɓa bango mai sanyi. Singafo, wadda yanayinta ya yi kusa da namu, ta gwada abin da gaske: jami'ar fasaha ta Nanyang ta buɗe ginin Gaia mai hawa 6 a 2023 da katakon Turai, shekara guda bayan haka aka ba da labarin fumfuna ta fito a jikinsa. Jami'ar ta danganta shi da raɓa da ruwan sama, ta ce ƙarfin ginin bai taɓu ba. Ko da haka ne, wannan gini ne na ƙwararrun masu zane a ƙasar da ba ta wasa da kula da gine-gine. Masu suka a nan gida sukan kawo makarantar da ke yawo kan ruwa a Makoko, wadda ta rushe a watan Yunin 2016 bayan ruwa mai ƙarfi. Ba da katakon giciye aka yi ta ba, don haka ba hujja ba ce a kansa, sai dai ta nuna abin da katakon da aka daina kula da shi ke zama a bakin wannan ruwan.

Gara kuwa ba ta cikin damuwar Graz. Itacen da aka fi yin falolin da shi a Turai ba shi da kariyar kansa, kuma gara tana cin ciki ta bar fuska lafiya, daidai abin da ya fi haɗari ga bangon da ke ɗauke da hawa biyar. Magani akwai: a ɗaga katakon a kan hawan farko na kankare, kamar yadda aka yi wa Stadthaus mai hawa 9 a Landan a 2009, a sa shingen ƙarfe ko raga, a bar gurbin da za a riƙa leƙawa, a jiƙa falankan da magani kafin mannawa. Amma maganin yana iya hana gam kamawa, wasu irinsa kuma suna cin ƙusa, sai an sake gwajin gam da na mahaɗa daga farko. Fale da aka riga aka manna ya yi girman da ba zai shiga yawancin tukwanen turara magani ba.

Hanyar da ta fi dacewa da aljihunmu ita ce a yi falen da itacen gida. Malaina, wadda aka dasa da yawa a dazukan Omo na jihar Ogun da Oluwa na Ondo domin masana'antar takarda, tana girma da sauri, nauyinta kuma ya yi kusa da na katakon Turai, sai dai tana da wuyar bushewa. Itatuwa masu nauyi da masu maiƙo irin tik suna wahalar da gam. Kowane iri sai an karya ɗaruruwan falankansa kafin a san ƙimar da za a yi lissafi da ita, kundin aikin katako na Nijeriya kuwa na 1973 ne, ya girmi katakon giciye da shekara ashirin. Babban cikas ma yana gaba da gam: katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu ɗanye ne, ana kafa shi a rufi yana zubar da ruwa, ba a tantance ƙarfinsa sai da ido da ƙwanƙwasawa. Masana'antar fale tana buƙatar na'urar busarwa da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar matsa, domin gam yana da mintunan da in suka wuce ya mutu.

Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe sama da mutum 40 na siminti da rodi ne, kayan da kowane birkila a Legas ya saba da su, kuma jihar tana da hukumar kula da gine-gine da ɗakin gwajin kayan gini da ke murƙushe dunƙulen kankare kullum. Katakon giciye zai iso ne ba tare da wannan sabon ba. Ni da za a tambaye ni, da na ce a fara da makaranta ko ofis mai hawa biyu ko uku, da rufi mai faɗin baki, a binne na'urorin auna danshi a bakin faloli da ƙarƙashin banɗaki, a riƙa karanta su damina bayan damina, cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan da jami'o'in Legas su kafa guntayen fale a fili mai gara su riƙa tonowa suna aunawa. Gwajin lanƙwasa bisa ƙa'ida yana ƙarewa cikin kusan minti biyar, wannan kuwa sai an ba shi shekaru. Da na zayyana wa Alhaji haka, sai ya ce shi dai in an kafa guntayen a faɗa masa wurin, zai je da ƙusa ya tsokana da hannunsa bayan ruwan watan Yuli.